Hular Bebe

Ranar Laraba da hantsi, kwanansu biyu ke nan a tashar Yendi, Atikatu ta riga ta zagi duk wanda ya cancanci zagi, har ta fara komawa kan waɗanda ta zaga jiya. Ta zagi direban da ya kwaso su daga Salaga ya zube su nan wai mai ya ƙare. Ta zagi bukuman, mai yankan tikitin tasha, wanda ya cika lori ɗaya tak mai zuwa Bawku da buhunan doya da masu buhunan, sannan ya dubi ubanta da sandarsa ya ce, "Mma, makaho ba shi da sauri. Ku jira loori na ranar kasuwa." Ranar kasuwar uwarsa! Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ce, mai ya yi wuya a ƙasar Gana, wanda duk ke da galan guda sai ya riƙa tafiya kamar shi ya haƙa rijiyar.

A bakin zanenta akwai katin asibiti a ƙulle. Katin ya ce ranar Alhamis da safe likitan ido na Bawku zai cire wa ubanta, Malam Mikaila, yanar da ta rufe masa ido. Likitan baƙo ne, ranar Juma'a zai koma inda ya fito, sai kuma baɗi in da rai. Idon hagu ya riga ya mutu, na daman ne aka ce in an yi sauri za a cece shi. Alhamis ɗin kuwa gobe ke nan. Ga su zaune a kan tabarma a gindin bangon masallacin tasha, tsakaninsu da Bawku tafiyar yini ce a mota mai lafiya.

Abin da ya fi ƙona mata rai ma ba rashin motar ba ne. Mutane ne. Sun ga tsoho makaho da sanda, ga mace a gefensa, shi ke nan sun gama lissafi. Kowa ya gifta sai ya jefa kwabo a kan tabarmar. Malam Mikaila fa! Mutumin da shekara arba'in babu angon da ya isa ango a Salaga in ba da hular ɗinkinsa a ka ba, wanda kakanninsa suka zo da jakunan goro tun garin yana gari. Duk hular da ta fito daga hannunsa yakan sa mata 'yar alama da koren zare a saitin kunnen hagu, sawun zabo guda uku, don kada wani ya yi masa sojan gona. Shi ne yau ake jefa wa kwabo. Atikatu takan cafe kuɗin tun bai yi ƙara ba, ta kai wa guragun bakin tasha, don in tsohon ya gane abin da ake yi, ko an sami mota ba zai shiga ba, zai ce a mai da shi gida ya mutu da mutuncinsa.

Ana cikin haka sai tasha ta kaure da ihu. Masu tallan rogo suka bar farantansu, bukuman ya bar teburinsa, kowa na gudu wajen wata farar Fijo da ta tsaya shan ruwa.

"Kanari! Kanari! Fatawu Kanari!"

Babu zangon Hausawan da ba a san wannan suna ba, daga Nima ta Ankara har Bawku. Mawaƙi ne mai gurmi, in ya buɗe baki a gidan biki har tsofaffi sai sun manta da ciwon gwiwa. Kaset ɗinsa na cikin kowace lori, hotonsa na bangon kowane mai aski. A gidan Malam Mikaila kuwa sunan haram ne. Shekara bakwai da suka wuce Kanari ya zo wasa Salaga, da zai tafi sai Iliasu, ƙanen Atikatu, ɗa namiji tilo, wanda uban ya koya wa allura tun yana tatata, ya haye motar makaɗa ya bi su. Bayan shekara biyu wani ɗan goro ya kawo labari cewa zazzaɓi ya kashe shi a zangon Kumasi, baƙi suka rufe shi, har an yi kwana arba'in. Ranar tsohon ya ɗauki itacen da yake gyara bakin hula a kai ya farfasa rediyon gidan, ya rantse da Allah a gaban mutane cewa shi da Kanari ba za su taɓa shiga inuwa ɗaya ba.

Yanzu da ya ji sunan, sai ya juya ya fuskanci bango, ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe kai, ya toshe kunnuwa da yatsu yana ta a'uziyya.

Kanari kuwa ya yi abin da irinsu suka saba. Ya zuro hannu ta taga ya watsa kuɗi dama da hagu, ya hango makaho a gindin bango, ya cilla masa nasa kason. Kwabbai suka zubo a kan tabarma, ɗaya ya gangara ya tsaya a ƙafar tsohon.

Atikatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta tattare kuɗin a tafin hannu, ta ratsa taron tana ture mutane da kafaɗa, ta isa tagar motar, ta watsa masa su a fuska da iyakar ƙarfinta. Ɗaya ya same shi a goshi, nan take wurin ya yi ja.

Tasha ta yi tsit. Wasu samari suka taso za su yi mata rubdugu, ya ɗaga musu hannu. Mutum ne baƙi, kakkaura, ya haura arba'in, da zannar hula a karkace. Ya shafa goshinsa ya duba yatsun.

"Sista, kin jefe ni paa. Me ya yi zafi?"

"Ubana ba mabaraci ba ne," ta ce. "Mota muke jira, ba sadakarka ba. Gobe da safe za a yi masa aikin ido a Bawku, ga mu a nan kamar shara. Ka kwashe tsiyarka ka yi gaba."

Ta juya ta koma tabarmarta, tana jin mata na cewa wannan 'yar Salaga ba ta da hankali. Fijo ta tashi ta fita, taron ya watse.

Bayan kamar sa'a guda ta zagaya bayan masallaci ɗibar ruwan alwala, sai ta ga farar motar a lungu, shi kaɗai a ciki. Ya ce mata mutanensa sun yi gaba Tamale da kayan kiɗa, can ake jiransa da yamma, amma yana da mai a jarka biyu. In sun tashi yanzu ta hanyar Gushegu, magariba za ta yi musu a Bawku.

Da ƙasa za ta tsage da Atikatu ta gode mata. A duk faɗin duniya a rasa wanda zai tsaya sai wannan? Ta tsaya da butar a hannu, zuciyarta na cewa ki kwara masa ruwan nan ki wuce, hannunta ɗaya kuma yana shafa ƙullin katin. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

"Babana ya rantse a kanka," ta ce. "In ya ji muryarka, wallahi ko motar na gudu zai buɗe ya dira. Ya fi son ya mutu makaho."

"Ni? Ni ban san shi ba koraa. Me na yi masa?"

"Za ka ji. In ka yarda, zan ce masa kai bebe ne. Ba ka ji, ba ka magana. Ko tari za ka yi, ka haɗiye."

Ya dube ta kamar zai yi dariya, ya ga ba fuskar dariya. Mutumin da ake biya don ya buɗe baki, ga wata mai koko da ƙosai tana gindaya masa sharaɗin ya rufe. Ya gyaɗa kai, ya sa yatsa a leɓe.

Da ta gaya wa tsohon an sami wani bebe da zai kai wa maigidansa mota Bawku, sai ya ce, "Kurma a gaba, makaho a baya. To, Allah kai ne direban." Suka zaunar da shi a kujerar baya, ta zauna kusa da shi, suka kama hanya.

Ba su kai ko'ina ba mota ta faɗa wani rami, sai wani abu a bayan kujera ya yi ƙara, tsirkiya ta amsa, ɗin! Gurmin Kanari ne a cikin jakar fata. Kunnen makaho kuwa ba a yi masa wayo.

"Atika, mene ne wancan?"

"Kayan maigidan beben ne, Baba."

"Gurmi ne. Kaskon shaiɗan." Ya tofar da yawu ta taga.

Ta jawo gurmin ta ɗora a cinyarta, ta danne tsirkiyar da tafin hannu don kada ta sake motsi. Haka ta riƙe shi har Bawku, abin da ya cinye mata ƙane, tana rungume da shi kamar jinjiri. Amma aikin gama ya gama, bakin tsohon ya buɗe. Tunda ya san direba ba ya ji, bai rage komai ba. Ya faro daga kakan Kanari na bakwai ya gangaro. Ya kira shi ɓarawon 'ya'yan mutane, ya kira shi angulu mai bin gidajen biki, ya zagi uwar da ta haife shi da ungozomar da ta yanke masa cibi. Sannan muryarsa ta sauka, ya shiga labarin Iliasu, sunan da bai furta ba shekara biyar. Yadda yaron ke zare allura da hannun hagu. Yadda ya fi shi iya haɗa launi tun yana ɗan sha huɗu. Yadda ya bar wata hula rabi a kan tabarma ranar da ya gudu, allurar na soke a jiki, har yau tana cikin adaka.

"Ko takarda bai rubuto mana ba, Atika. Yaro ya bi ka, ya ɗaukar maka kaya, ya mutu a garinku, ka kasa aiko da ko mutum ɗaya ya ce Allah ya jiƙansa. Kare ma in ya mutu a ƙofar gidanka ai ka tambayi na wane ne."

Atikatu tana kallon ƙeyar Kanari. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hannuwansa sun damƙe sitiyari, gumi na bin bayan kunnensa. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ja numfashi, ta zungure kujerarsa da gwiwa, ya mayar ya rufe. Ta ji daɗi, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba. Ya sha, ai bai sha komai ba.

Bayan Gushegu suka iske shinge, gangar ƙarfe biyu da gora a kai, da wasu masu kaki uku a gindin ɗorawa. Na farkon ya leƙo, idonsa ya yi waje, ya buɗe baki zai kwarara sunan. Kanari ya yi wuf ya fice, ya rungumo wuyansa kamar tsohon aboki, ya ja shi can nesa, sauran suka bi. Atikatu tana hango su. Ba cin hanci suke nema ba, waƙa suke so, ɗayansu har ya fara taka rawa yana nuna a ɗauko gurmi. Kanari yana girgiza kai, yana nuna maƙogwaro, yana nuna mota. Babbansu ya ɓata rai ya je ya zauna a kan gorar shingen, alamar ba waƙa ba hanya. Rana tana tafiya. Atikatu kuwa ta san ko a can ya rera baiti ɗaya iska za ta kawo shi kunnen tsohon.

Sai ta ga Kanari ya cire zannar hularsa, wadda duk ƙasar ta sani a hotuna, ya ɗora wa babban a ka da hannu biyu. Mutumin ya washe baki, aka ɗage gora. Kanari ya dawo da kai a buɗe, da sanƙo ƙato da ba wanda ya san yana da shi.

"Me ya tsai da mu?" in ji tsohon.

"Takardu suka duba, Baba."

"Bebe da 'yan shinge, ko da wane baki suka daidaita," ya ce.

A kan tudun Nakpanduri, inda hanya ke gangarawa ƙasar Kusasi, suka tsaya sallah. Kanari ne ya zuba wa tsohon ruwan alwala, ya kama kafaɗunsa ya daidaita shi gabas. Malam Mikaila ya ce ai bebe ba ya limanci, ya shige gaba, Kanari ya bi shi a baya, suka haɗa azahar da la'asar. Da tsohon ya zauna jan carbi, Atikatu ta yafito Kanari can bayan wani dutse inda iska ke kwashe magana.

"Ka ji dai. Iliasu. Dogo, siriri, bahago. Ka tuna shi?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryar ba ta yi kama da ta kaset ba.

"Sista, tun Yendi ina nema cikin kaina. Yara da yawa yana bi na. Kowane gari biyu, uku. Wani ya yi wata ɗaya ya tafi, wani ban san sunansa ba ma. Ban tuna shi ba."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Shekara biyar gidansu na cin wuta a kan mutumin nan, uwarsu ta mutu da sunansa a baki, ido ya rufe, shago ya rufe, ashe shi ko labari bai sani ba. Ƙanenta bai kai a tuna shi ba.

"Ko ƙarya ka kasa yi mini?" ta ce. "Ka ce yaron kirki ne, ka ce ka je jana'izarsa. Ku ba sana'arku ke nan ba, yabon wanda ba ku sani ba?"

"Ƙarya ɗaya ya isa yau," ya ce.

Ta tofar da yawu a gaban takalminsa. Bai matsa ba. Ta koma mota tana kuka, kukan haushi, irin wanda ba ya rage komai.

Ana kiran magariba suka shiga Bawku. Ya kai su har ƙofar asibiti, ya sauke musu tabarma da ƙullin kaya, ya lulluɓe fuska da ƙyalle kada a gane shi. Malam Mikaila ya ce a kawo masa beben. Ya laluba ya kama hannunsa, ya haura kafaɗa, ya ɗora tafi a kansa zai sa masa albarka, sai ya ji fata tsirara.

"Subhanallahi. Babban mutum haka ba hula? Wane irin maigida gare shi?" Ya zare wani zare daga bakin aljihunsa, ya zagaya kan Kanari da shi, ya ƙulla daidai inda ya haɗu, kamar yadda ya yi wa dubban kawuna. "Atika, yi masa nuni da hannu. In Allah ya buɗe mini idon nan, hular farko tasa ce."

Kanari ya durƙusa har ƙasa, tsohon ya yi masa doguwar addu'a. Ya tashi ya shiga mota ya juya. Atikatu ba ta yi masa godiya ba. Ta buɗe baki, abin ya ƙi fita, ta bar shi.

Aka yi aiki, Allah ya taimaka. Bayan kwana goma suka koma Salaga da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda in ya sa shi yana ganin har ramin allura, in ya cire kuwa duniya ta koma hazo. Wata biyu ya yi a kan hular bebe. Fara ce da shuɗin aiki, ga sawun zabo uku da koren zare a saitin kunnen hagu. Kullum sai ya tambaye ta ina za a aika. Da ta ga ba makawa ta ce maigidan beben yana Kumasi, ta naɗe hular ta ba wani direban goro amintacce, da saƙo guda: a ce da Kanari ya jefa ta a akwati, kada ya kuskura ya sa ta a bainar jama'a.

To, amma wa ya taɓa ganin mai suna ya iya ajiye abu a akwati?

Shekara ta zagayo. Wata safiyar kasuwa Atikatu na tsaye a kan tukunyar koko, layi ya yi tsawo, sai ga ubanta ya taho da sauri ba ko sallama. Zare ya je saye. Ya kama wuyan hannunta da ludayin da komai, ya ja ta ta cikin 'yan doya, har rumfar mai sayar da kaset. An manna wani ƙaton hoto a jikin langa-langa, sabon kaset ya fito. Ga Fatawu Kanari ya ɗan juya kai gefe yana murmushi, kamar da gangan, a kansa farar hula da shuɗin aiki. Sawun zabo uku suna nan kore shar.

Atikatu ta ji kamar ta yage hoton ta cusa wa mai rumfar a baki. Ɗan banza! Abu ɗaya aka roƙe shi.

"Ɗinkina ne," in ji Malam Mikaila, a hankali. "Sayar masa beben ya yi?"

Ga ƙofa a buɗe, da ta ce e, da an wuce wurin. Amma ta gaji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ita kuwa shekara guda tana zaune a ciki.

"Babu wani bebe, Baba. Shi ne."

Tsohon ya tsaya kamar an dasa shi. Mai kaset ya rage sautin rediyonsa.

"Tun daga Yendi?"

"Tun daga Yendi."

"Yana jin duk abin da na faɗa?"

"Har na ungozomar."

"Ya yi sallah a bayana. Na dafa kansa." Ya dubi tafin hannunsa. "Ya ce wani abu a kan Iliasu?"

"Na tambaye shi. Ya ce bai tuna shi ba."

Malam Mikaila ya sa hannu biyu ya cire tabarau, ya ninke shi, ya zura a aljihu. Idon ya koma fari-fari yana yawo. Ya miƙa mata hannu yadda ya saba miƙawa a shekarun makanta.

"Kai ni gida. Ba na son ganin da ya biyo ta hannunsa."

Nan Atikatu ta fashe, a tsakiyar kasuwar Salaga, a gaban 'yan doya da 'yan kaset da duk wanda Allah ya kawo.

"Wallahi ba zan ja ka ba! Shekara uku ina jan ka, na bar 'ya'yana a hannun maƙwabta, na kwana a tashar Yendi ana jefa maka kwabo ina cafewa don kada ka ji. E, kwabo, Baba! Sadaka! Duk mutanen kirkin da kake yabo sun wuce mu da lorinsu. Wanda ya tsaya shi ne wannan, kuma ni ma har gobe ban yafe masa ba. Na rungumi gurminsa yini guda don idon nan. Iliasu ya tafi, Inna ta tafi, idon ma sai ka ba shi? In makanta kake so ka nemi ɗan jagora, ni kokona na hucewa."

Ta juya ta tafi, ludayi a hannu, ba ta waiwaya ba. Ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba sai ran nan. Ta kasa kunne tana jiran ta ji ya kira ta, ko ta ji ya yi karo da tulin doya. Ta wuce rumfa ɗaya, ta wuce biyu, shiru. A ta huɗu sai ta ji taku a bayanta, takun mutumin da ke tsallake kwata yana kauce wa kwanduna. Ya zo ya wuce ta, tabarau a fuska, bai dube ta ba.

"Matsa, kin tare hanya," ya ce.

Washegari ta kai masa koko da ƙosai kamar kullum, ya ce ta mayar, azumi yake. Ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba, ba kuma watan azumi ba. Ba ta tambaya ba, ta san kaffarar rantsuwa kwana uku ce. Kwana ukun nan bai yi mata magana ba, ita ma ba ta neme shi da ita ba, ta dai riƙa ajiye masa abin buɗa-baki a bakin ƙofa da ƙarfi yadda zai ji.

Rana ta huɗu da safe ta shigo da kwanon koko, ta same shi a zaure ya buɗe tsohuwar adaka. Hular nan ta Iliasu ce a cinyarsa, rabi ɗinki rabi farin ƙyalle, allurar ta yi tsatsa a inda yaron ya soke ta. Ya zare ta da ƙyar, ya sa sabuwa, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa yana neman ramin da bakin zare.

"Ajiye a nan," ya ce. "Kuma ki kauce mini daga haske."